Rabin Kiɗan Nikanor

Duk wanda ya zauna a unguwannin bayan tashar jirgin ƙasa a Leningrad, 'yan shekaru bayan juyin juya halin Rasha, ya san Glafira Antonovna ko da bai san sunanta ba. Ita ce doguwar matar nan mai jan gyale da ake yawan gani tana bin bayan amalanke, an ɗaure fiyano a kai, tana yi wa masu turawa faɗa su bi a hankali kada su faɗa rami. Ba dakon fiyano ne sana'arta ba, yara take koya wa kiɗa. Miji ne Allah ya haɗa ta da shi wanda da ƙyar yake cika shekara a gida ɗaya.

'Yar mai gyaran agogo ce, ta tashi a gidan da kowane abu yake da wurinsa da lokacinsa. Uwarta ce ta nace sai ta koyi fiyano, wai yarinyar da ta iya kiɗa ba ta rasa mijin kirki. To, kiɗa kam ta iya. Mijin kuwa a gidan sinima ta tsinto shi. Lokacin finafinai ba sa magana, sai a ajiye mutum a gindin allo ya riƙa kaɗa wa hoto abin da ya dace: in ana soyayya ya sassauta, in ana gudu ya zafafa. Ranar da Glafira ta shiga, an nuno jirgin ƙasa yana shigowa tasha, sai siririn saurayin da ke kiɗan ya janye yatsunsa ya danna haƙoran fiyano da damtsensa gaba ɗaya. Wata tsohuwa ta kurma ihu, maza suka hau zagi, mai sinima ya fito da gudu. Glafira kaɗai ta yi dariya, don ita dai jirgi ta ji ya shigo, har da ƙarar ƙarfe da huci. Da aka koro shi waje ta same shi yana kai da kawowa a bakin titi, ko hula babu. Sunansa Nikanor Danilovich. Kafin hunturu ya zagayo sun yi aure, uwarta tana kuka.

Nikanor bai san zama ba. A tsaye yake shan miyar kabeji, yana zagaya tebur da kwano a hannu. In ya shiga tiram, ƙaramin jirgin nan mai bin titunan gari, sai ya sauka tun ba a kai inda za shi ba, ya ƙarasa a ƙasa, wai ƙafa ta fi sauri. In dole ta sa ya zauna, gwiwarsa ce za ta yi ta rawa har shayi ya zube. Kunnensa ma ba ya hutawa, ba ya kuma barin na wani ya huta. Ana cikin magana sai ya ɗaga yatsa: butar shayi ce ta fara kuka, ko jiniyar masana'antu biyu ce ta haɗu a iska, ko ƙyauren bayan gida ne ya yi ƙara.

"Kin ji? Kin ji wannan, Glasha?" Haka yake kiranta.

"Na ji ƙofa tana neman mai."

Sai ya ja ta gaban fiyano, ya danna farin haƙori, ya danna baƙin da ke manne da shi. "Ƙofar ba wannan ta faɗa ba, ba kuma wannan ba. Tsakaninsu ta faɗa. Akwai sauti a nan tsakani, haƙori ne kawai ba a yi masa ba."

"To tunda ba a yi masa ba, a bar shi ya huta mana."

"Shekara aru-aru ana kaɗa abu ɗaya! Duniya ta kife, an tumɓuke sarki, ke kina nan kina koya wa 'ya'yan mutane kiɗan da kakar sarkin ta yi rawa da shi."

"Miyar wannan kiɗan kake sha yanzu. Ajiye kwanon kafin ka fasa."

Wannan neman abin da ke tsakani shi ya hana su zama. A gidansu na farko ya cusa cokula da ƙusoshi tsakanin wayoyin fiyano, maƙwabta suka kai ƙara. A wani gidan ya jera kwalabe da ruwa a bakin taga yana bugawa tun safe, matar da ke ƙasa ta ce ko su ko ita. Wani gidan kuma ba wanda ya kore su, agogon bangon maƙwabci ne wai yake bugawa da sautin da ke hana shi tunani. Kowace ƙaura sai Glafira ta rasa ɗalibanta, ta shiga sabuwar unguwa tana ƙwanƙwasa ƙofofi, ta sake sabon lale. Aikin sinima kuwa yana samu yana rasawa, har masu gidajen sinimar suka koma in sun hango shi daga nesa sai su shige ciki.

Wahalar ba ita ta fi ci mata rai ba. Wa bai sha wahala ba a shekarun nan? An ƙona kujeru don a ji ɗumi, an ci ɓawon dankali an gode. Abin da ya hana ta sukuni tambaya ce guda: mutumin nan da ta bar gidan ubanta ta bi, mai baiwa ne da duniya ba ta gane ba tukuna, ko kuwa taɓin hankali ne kawai aka lulluɓe da kiɗa? Sau ɗaya ta ji jirgi a sinima, a kansa ta jingina ƙuruciyarta kaf. Yanzu ga furfura ta fara leƙowa, ba ɗa, ba gida, tana so ta sake jin wani abu da kunnenta, ko sau ɗaya ne, ta san ba a banza ta yi ta bin amalanke ba. Tana son sa, wannan ba ta taɓa musu ba. Amma tana jin tsoro, kuma tsoron kullum ƙaruwa yake yi.

A wani tsohon gidan attajiri da aka yanka ɗaki-ɗaki aka raba wa iyalai, kicin ɗaya, famfo ɗaya, a nan Nikanor ya samo dabararsa. Tunda ba a yi wa sautin tsakani haƙori ba, to a kawo fiyano biyu. Ɗaya a bar shi yadda yake. Ɗayan a sassauta masa wayoyi duka, kowace ta ɗan sauko ƙasa, rabin ratar da ke tsakanin haƙori da na kusa da shi. In aka kaɗa su tare, abin da wannan ya tsallake wancan ya faɗe shi. Sai ya zauna, wato dai ya tsaya, ya rubuta kiɗa na mutum biyu: rabi nasa, rabi nata, nata a kan fiyanon da za a sassauta.

Sai dai fiyano ɗaya gare su, shi ma ba halin a taɓa masa waya, don da shi ake cin abinci. Saboda haka kowa rabinsa yake koyo shi kaɗai. Da safe kafin yara su zo Glafira ta kaɗa nata, in sun watse Nikanor ya kaɗa nasa. Nata wani abu ne mai tafiya a hankali, duk giɓi, ta danna ta jira, ta danna ta jira. Nasa ma giɓin ne, sai dai ya fi gaggawa. Hunturu ya zo ya wuce, wani ya sake zuwa, ba wanda ya taɓa jin su a haɗe.

Goggo Matrona, wadda murhunta ke kusa da na Glafira a kicin, ba ta barin zancen ya huce.

"Glafira Antonovna, jiya ma na ji mijinki yana neman abin nan nasa. Har yanzu bai samu ba?"

"Ya kusa, Goggo."

"Ai ni na ɗauka kyanwa ce ta hau fiyanon, har na ɗauko tsintsiya. Ke kuma naki sai ka ce mai in'ina. Wai ba za a haɗa muku su ba ne, kowa ya huta?"

"Za a haɗa. Ranar za ki ji."

"Allah ya sa ina da rai. Miƙo mini gishirin nan, 'yar nan. Ki kuma riƙa cin abinci, duk kin ƙare."

A kicin Glafira takan yi ta maza. In ta dawo ɗaki ne take tsare shi. "Nika, tsakaninka da Allah, in aka haɗa, yaya zai fito?"

Ba ya iya faɗa. Ya ɗaga hannu, ya murza yatsu, ya zagaya tebur. "Ba a faɗarsa da baki. In kin ji za ki gane komai."

Ya bazama gari neman ɗakin taro mai fiyano biyu. Manyan wurare ko dai ba su saurare shi ba, ko kuwa suna jin za a taɓa musu waya sai su nuna masa ƙofa. Takalminsa ya cinye. Can dai ya faɗa wani kulob na ma'aikatan jirgin ƙasa, suna da fiyano nasu, sun kuma aro na wata makaranta don wani biki. Shugaban kulob ɗin mutum ne mai son duk abin da aka kira sabo, ko ya gane ko bai gane ba, kuma bayanin sassauta waya ya shiga masa ta kunnen dama ya fita ta hagu.

"Kiɗan sabon zamani ka ce, ɗan'uwa? Ai mu nan duk wani sabo namu ne. Ranar Lahadi da rana akwai taro. In an gama jawabi, mawaƙanmu sun sauka, ku hau. Kada dai ku daɗe, akwai rawa a baya."

Ranar Asabar Nikanor ya aro makullin saita fiyano ya shiga ɗakin taron tun safe, ba wuta a murhu, numfashinsa yana hayaƙi. Waya bayan waya ya bi, yana juyawa yana sauraro, har yatsunsa suka tsattsage. Glafira tana sallamar ɗalibarta ta ƙarshe ta fito da gudu, ranta ya biya su gwada ko da ɗan guntu ne. Ta iso ta tarar maigadi yana sa kwaɗo, Nikanor yana roƙonsa, shi ko a jikinsa, matarsa na jiransa da abinci.

"Ba komai," in ji Nikanor, yana tafiya da baya da baya a gabanta don murna ta hana shi tafiya kamar mutane. "Na gama. Gobe kya ji."

Lahadi ta zo. Goggo Matrona ta ɗaura gyalenta na zuwa coci ta ce sai ta je ta ga ƙarshen zance. An cika ɗakin tun da hantsi, saboda haka aka tsare su Glafira a wani siririn lungu bayan labule. Jawabi ya ƙi ƙarewa. Nikanor ya je bango ya dawo, ya je ya dawo, ya roƙa a bar shi ya leƙa ya taɓa fiyanon ko da haƙori ɗaya ne, aka ce ya rufa wa mutane baki, ana maganar kwal ɗin jirgi. Glafira tana hura hannuwanta. Mawaƙa suka hau suka sauka, sannan aka kira su.

Shi ya fara. Ta san rabinsa kamar yadda ta san tarinsa, ta bi shi a zuci har wurin shigarta ya zo. Tana danna haƙorin farko sai ta ga kansa ya ɗago da sauri. Gabanta ya faɗi, ta duba takarda, ta ga ba ta yi kuskure ba. Shi ma bai tsaya ba. Ta ci gaba.

Sai ga abu yana haɗuwa. Inda take jira, shi ya cike; inda yake jira, ita ta cike. Wuraren da suke danna haƙori iri ɗaya a tare, sautin ya yi kauri, ya cika ɗakin. Daga cikin giɓin nan da ta daɗe tana kaɗawa ba ta san inda ya dosa ba, wani kiɗa ya fito mai taushi, irin wanda uwa ke yi wa ɗanta a maƙoshi in zazzaɓi ya hana shi barci. Masu tari suka daina tari. Ta saci kallon mijinta, ta ga abin da ba ta taɓa gani ba tunda ta san shi: yana zaune cak, gwiwa ba ta rawa, kafaɗa ba ta motsi, hannuwa kaɗai ke aiki. Ta ce a ranta, yau dai bawan Allah ya iso inda za shi. Hawaye suka rufe mata takarda, ba ta damu ba, ta iya rabinta da ka.

Da suka gama, tafi ya tashi har da buga ƙafa. Can ta hango Goggo Matrona tana share hanci da gyalen coci. Suna komawa bayan labule Glafira ta cafke hannuwansa biyu.

"Nika! Ashe abin da kake ɗauke da shi ke nan duk shekarun nan? Ka yafe mini. Wallahi akwai ranakun da na ɗauka ka zare. Wannan ai ko uwata ce ta ji sai ta yi kuka. Yau na gane ka, Nika, yau na gane ka."

Hannuwansa sun yi sanyi ƙalau, ta ɗauka gajiya ce.

Suna nan tsaye sai ga wani gajeren tsoho ya kutso, da tsohuwar jakar fata a hammata, yana warin taba, bakinsa har kunne. Ya cire hula ya rusuna mata.

"Glafira Antonovna ko? Foma Lukich, mai saita fiyano. Na ajiye aiki da daɗewa, amma nakan leƙo nan in duba musu, ba don a ba ni komai ba, kunne ne ba ya jure ɓarna. 'Yata, Allah ya so ki. Da sassafe na shigo na taɓa fiyanon da kika hau, sai da na dafe kai. Wani marar tsoron Allah ya bi wayoyin nan kaf ya sassauta su, daga farko har ƙarshe, kuma daidai wa daida, sai ka ce da gangan! Da kin hau shi a haka, da kin sha kunya a gaban jama'a. Ko karyawa ban yi ba, na tsaya na ɗaure su ɗaya bayan ɗaya har ya dawo daidai da ɗan'uwansa. Kin ji yadda suka tafi tare? Ko tagwaye sai haka."

Glafira ta saki hannuwan mijinta. A hankali maganar ta shige ta. Ashe abin da ta ji ba kiɗan Nikanor ba ne. Duk inda ya tsara sauti biyu su tsaya kusa da juna da 'yar rata a tsakani, tsohon nan ya toshe ratar, suka kwanta a kan juna. Sautin tsakani ko ɗaya bai fito ba. Abin da ta yi wa kuka, ta ce da shi ta gane mijinta, shi ne ainihin irin kiɗan da yake gudu tun ranar da ta san shi. Kuma tun daga haƙorinta na farko ya sani, ya zauna ya kaɗa har ƙarshe.

Ta jira ya fashe. Mutumin da ya tashe su daga gida saboda agogon maƙwabci, yau ai sai an riƙe shi. Sai ta ga ya miƙa wa tsohon hannu.

"Aikinka ya yi kyau, Foma Lukich. Ban taɓa jin saiti mai tsabta irin wannan ba."

Tsohon ya sunkuyar da kai don jin daɗi, ya ce ba komai, yi wa kai ne, ya mai da hularsa ya fita.

Glafira ce ta fashe. Ta ture labule ta tarar da shugaban kulob yana ba da umarnin a ja bencuna gefe.

"A ba mu ɗakin nan! Gobe, ko yau, ko yanzu. A sake sassauta fiyanon mu kaɗa, ko ba kowa, ko mu biyu ne kawai."

"A sake lalata shi? Haba 'yar'uwa, bayan mutane sun ji daɗi haka? Gobe da safe ma makaranta za ta aiko a ɗauke kayanta. Ku dai ku shirya mana wani irin wannan na bikin ma'aikata na watan Mayu. Kai, ɗan'uwa Nikanor, ashe haka kake!"

Kafin ta sake buɗe baki wani ƙato ya haye kujerar da ta tashi a kai, ya ɓarke da kiɗan rawa. Suka ɗauki rigunan sanyinsu suka fita. Suka kama hanyar gida. Tana so ta janye maganar da ta faɗa masa a bayan labule, ta rasa ta inda za ta kama.

Daga ranar ita ce ta koma mai yawon nema. Duk inda ta ji an ce akwai fiyano biyu sai ta je: makarantu, gidajen ɗalibanta masu hali, kulob-kulob har bayan gari. A ba su su kaɗa, wannan da sauƙi. A taɓa waya ne ba mai yarda. Ba a jima ba kuma iskar hukuma ta juya, irin wannan kiɗa ya zama abin da mai hankali ba ya ambata ko a kicin. Nikanor kuwa sunansa ya ɗan fita saboda Lahadin nan. Kulob-kulob suka riƙa aiko masa, yana rubuta musu kiɗa mai daɗi, irin na biki da na tafiyar sahu, yana yi da kyau, ba ya musu da kowa. Suka daina ƙaura. Ɗaliban Glafira suka yi yawa. Goggo Matrona ta koma gaishe shi da cikakken sunansa, har takan ajiye masa kifi mai gishiri. Kowa ya ce Glafira ta huta. Ita kuwa ba ta taɓa shiga rashin sukuni irin na shekarun nan ba, don tambayarta tana nan inda take, ga kunya ta hau kai, ta hana ta sake yi masa ita.

Sai da ciwon ƙirji ya kwantar da shi, likita ya zo ya tafi yana kaɗa kai, sannan ta ga in ba ta tambaya yanzu ba, ba sauran wanda za ta tambaya. Wata rana da hantsi ta kawo masa shayi, ta tallafo kansa ya kurɓa, ta zauna a bakin gado.

"Nika, zan tambaye ka wani abu, kada ka rufe ni."

"Ina ji."

"Da tsohon nan bai taɓa fiyanon ba, da na so abin da za mu kaɗa? Da ya yi kyau?"

Ya ɗaga ido ya dubi rufin ɗakin.

"Ban sani ba, Glasha."

"Kamar yaya ba ka sani ba? Kai fa ka rubuta. Kai ka ce in na ji zan gane komai."

"A kai nake jin sa, kai kuwa yana yi wa mutum ƙarya." Ya yi tari, ya lalubo hannunta ya riƙe. "Ni ma ranar nan zuwa na yi in ji ko hauka nake."

Glafira ta ajiye kofin a ƙasa. A can waje wata ɗaliba tana ƙwanƙwasa ƙofa, lokacin darasinta ya yi. Ba ta tashi ba.